Kashi 47 na Mitt Romney: gaskiya ce mai ɗaci ko raini ne?

Malam Sanusi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya da daddare ina haɗa darasin da zan yi wa ɗalibaina kan yadda baki ke yanka wuya a siyasa, sai na sake kallon bidiyon nan na Mitt Romney na 2012. Ga waɗanda ba su bi labarin ba a lokacin, Romney ne ɗan takarar shugabancin Amurka na jam'iyyar Rifablikan da ya kara da Obama lokacin da Obama ke neman wa'adi na biyu. Ranar 17 ga Mayu, 2012, ya halarci liyafar tara kuɗin kamfe a gidan wani attajiri a Boca Raton da ke jihar Fulorida, kowace kujera dala 50,000. Aka yi masa tambaya, sai ya ce akwai kashi 47 cikin 100 na jama'a da za su zaɓi Obama ko ana ha-maza-ha-mata, mutanen da suka rataya a wuyan gwamnati, suna ganin an zalunce su, suna ganin haƙƙinsu ne a ba su magani da abinci da muhalli. Ya ce ba sa biyan harajin kuɗin shiga. Sannan ya ce damuwa da su ba aikinsa ba ne, don ba zai taɓa shawo kansu su ɗauki nauyin rayuwarsu ba. Bai san ana ɗaukarsa ba. Mujallar Mother Jones ta saki bidiyon ranar 17 ga Satumba, saura mako bakwai a yi zaɓe. Ina son jin ra'ayinku kafin in shiga aji ranar Litinin: mutumin nan gaskiya ya faɗa aka ƙi ji, ko raina talaka ya yi?

Alhaji Ɗanlami:
Wa alaikumus salam Malam. Ni dai tun a lokacin ban ga laifin mutumin ba, har yau kuma ban gani ba. Ƙasar da rabinta ke zuba kuɗi a baitulmali, ɗaya rabin kuma na kwasa, ai dole wanda ke neman shugabancinta ya damu. Ina da yara goma sha huɗu a shaguna. Wanda ka ba jari ka ce ya juya, bayan shekara biyu ka same shi ya zama mutum. Wanda ka saba wa da miƙo, ranar da ka hana shi ka zama maƙiyinsa. Kuma ku lura, maganar ƙuri'a yake yi. Cewa yake waɗannan ba za su zaɓe ni ba, don haka ba zan ɓata kuɗin kamfe a kansu ba. Wane ɗan siyasa ne ba ya wannan lissafin a ɗaki?

Auwalu Auta:
Alhaji, dala 50,000 kujera ɗaya fa. Wanda ya biya wannan kuɗin don ya ci abincin dare ai ba ya son a ce masa talaka na da uzuri, abincin ba zai faɗa masa ba.

Hajiya Rabi:
Alhaji, da girmanka, bari mai aikin lissafi ta sa baki. Lambar tana da asali, ba daga aljihunsa ya ciro ta ba. Cibiyar nazarin haraji ta Tax Policy Center ta ƙiyasta cewa a 2011 kashi 46.4 na gidajen Amurka ba su biya harajin kuɗin shiga na tarayya ba. Nan ne iyakar gaskiyar maganarsa. Matsalar ita ce ya ɗauki tukwane uku ya juye su a kwano ɗaya: waɗanda ba sa biyan wannan harajin, waɗanda ke karɓar tallafi, da waɗanda za su zaɓi Obama. Ba mutane ɗaya ba ne.

A duba wannan 46.4 ɗin. Kashi 28.3 na dukkan gidaje, wato kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda yake magana a kai, ma'aikata ne da ake cire wa harajin albashi tun kafin kuɗin ya zo hannunsu, wanda ke tafiya asusun fansho na Social Security da inshorar lafiyar tsofaffi ta Medicare. Kashi 10.3 tsofaffi ne da suka gama aiki. Kashi 6.9 kuma mutanen da abin da suke samu a shekara bai kai dala 20,000 ba. Duk cikinsu kuma babu wanda zai sha mai a motarsa bai biya haraji a kai ba, a yawancin jihohi ma ko kaya ka saya a kanti sai an ɗora maka. To ina cima-zaunen da suka kai rabin ƙasa?

Abin da ya fi ba ni mamaki, tsofaffin nan da ya zubar su ne suka fi zaɓarsa. 'Yan shekara 65 zuwa sama sun ba shi kusan kashi 56. Jihar Misisifi na sahun gaba wajen yawan waɗanda ba sa biyan harajin, kuma shi ya lashe ta. Mutanensa ya zaga bai sani ba.

Alhaji Ɗanlami:
Hajiya, na ji lissafi. Amma harajin albashi ai adashi ne, kana zubawa ne don ka kwasa in ka tsufa. Kuɗin da ake riƙe soja da gina hanya da shi fa, wa ke biya?

Hajiya Rabi:
Tambaya mai kyau, amma ka tambayi wanda ya cire su daga biya. Akwai rangwamen da ake yi wa ma'aikaci mai ƙaramin albashi, wanda in lissafi ya fito har gwamnati ce ke mayar masa da kuɗi. A 1975 aka kafa shi zamanin Gerald Ford, ɗan Rifablikan. Ronald Reagan ya faɗaɗa shi a 1986. Rangwamen 'ya'ya kuma dokar haraji ta George Bush ƙarami ta 2001 ce ta ninka shi daga dala 500 zuwa 1,000 kan kowane yaro. Hikimarsu ita ce gara a bar wa mai aiki kuɗinsa ya ci gaba da fita aiki da ya zauna a gida yana jiran tallafi. Jam'iyyarsa ta gina rijiyar, shi kuma ya zo yana zagin masu ɗibar ruwa. Ka ƙara da cewa lokacin ba a gama farfaɗowa daga karyewar tattalin arzikin 2008 ba, rashin aikin yi na kusan kashi 8.

Baban Fati Bronx:
Salamu alaikum. Nan asuba ce, yanzu na ga muhawarar. Alhaji, ɗan'uwana, ni ne kashi 47 ɗin, ka bari in gaya maka yadda kamanninmu suke. Daga zangon Kumasi na zo Niyok, shekara fiye da ashirin ina jan tasi. A 2009 aiki ya mutu murus. Ofisoshi sun sallami mutane, masu shiga tasi suka koma jirgin ƙasa. Kullum sai na biya mai gareji kuɗin hayar mota ko na samu fasinja ko ban samu ba, sannan mai, sannan abin da ya rage shi ne na gida. Awa goma sha biyu a kujera, kwana shida a mako. Ga yara huɗu. A wannan shekarar ban biya harajin kuɗin shiga ko dala ɗaya ba, hasali ma an dawo min da wani abu saboda rangwamen da Hajiya ta ambata. Yara na kan Medicaid, inshorar lafiyar da gwamnati ke yi wa masu ƙaramin ƙarfi, kuma wata takwas muka yi muna sayen abinci da katin tallafi. Ranar farko da na je neman katin, sai da na zagaya layin sau biyu kafin in shiga, don kada wani ɗan unguwa ya gan ni.

Amma tunda ni mai aikin kaina ne, harajin fansho da na lafiya gaba ɗaya a kaina yake, kason ma'aikaci da na mai gida, kashi 15.3. Na biya. Da bidiyon ya fito a rediyon mota na ji, ina ɗauke da wani mai kwat zuwa Manhattan. Lambar ba ta dame ni ba. Inda ya ce ba za mu taɓa ɗaukar nauyin rayuwarmu ba, nan ne na ji kamar an mare ni. Ƙarfe huɗu na asuba na tashi ranar.

Alhaji Ɗanlami:
Allah ya saka da alheri Baban Fati, Allah ya raya zuri'a. Wallahi ba irinku nake nufi ba, kuma na tabbata shi ma ba irinku yake nufi ba.

Baban Fati Bronx:
Amin Alhaji. Amma in ka cire irina, ka cire tsofaffi, ka cire naƙasassu da ɗalibai, ba za ka samu 47 ba. Da mu aka cika lambar.

Zainabu Ƙarama:
Baba, kashi 15.3 ka ce? To ku ji wannan. Kwana huɗu bayan fitar bidiyon, 21 ga Satumba, Romney ya fitar da takardun harajinsa na 2011. Ya samu kimanin dala miliyan 13.7, ya biya kusan miliyan 1.9, wato kashi 14.1. Dalili kuwa yawancin kuɗinsa ribar jari ce, ita kuma a lokacin harajinta kashi 15 ne kacal, alhali mai babban albashi na iya kai wa 35. Doka ce ta yi masa rangwame kamar yadda ta yi wa Baba. Nasa ana kiransa dabara, na Baba ana kiransa maula.

Alhaji Ɗanlami:
'Yata, ki faɗi duka. Miliyan 1.9 ɗin nan ba ƙaramin kuɗi ba ne, direba nawa za a tara su biya shi? Kuma a wannan shekarar ya ba da kusan dala miliyan 4 sadaka. Mutumin da ke fitar da irin wannan ba za a ce ba ya tausayin talaka ba.

Zainabu Ƙarama:
Haka ne Baba Alhaji, ya bayar, ban musa ba. Shi ya sa ma abin ya fi ciwo. Ana iya ba mutum sadaka kuma a raina shi, duk mun san masu yin haka.

Malam Iro Mai Littattafai:
Ni wani ɓangare ne ke damuna da ba wanda ya taɓo. Majalisa amana ce. An ɗauki mutum aiki ya zuba wa baƙi abin sha, sai ya ajiye kyamara yana naɗar maganar da aka yi a gidan wani. In mun yaba wannan don ya faɗa wa wanda ba ma so, gobe in ya faɗo kanmu me za mu ce?

Zainabu Ƙarama:
Malam, mutumin sunansa Scott Prouty, shi da kansa ya fito a talabijin a Maris 2013 ya ce shi ne. Ya ce ya zo da kyamarar ne don a wata liyafa da ya taɓa yi wa aiki Bill Clinton ya tsaya ya gaisa da ma'aikata har aka ɗauki hotuna, ya zaci nan ma haka za a yi. Daga baya jikan tsohon shugaba Jimmy Carter, James Carter, ya ci karo da guntayen bidiyon a intanet ya haɗa shi da ɗan jarida David Corn. Ni a ganina da sirrin iyalin Romney ya naɗa, da na bi bayanka. Amma mai neman mulkin mutum fiye da miliyan 300 yana faɗa wa masu kuɗi yadda ya ɗauki rabinsu. Me ya sa mai dala 50,000 zai ji, mai ƙuri'a ba zai ji ba?

Malam Iro Mai Littattafai:
Hujjarki na da ƙarfi, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Zan bar ta a nan.

Auwalu Auta:
Abin dariyar shi ne yana maganar masu jiran a ba su, alhali masu aikin da ke zuba masa ruwa a kofi suna tsaye a gefensa. Ya ɗauka kujeru ne.

Injiniya Bashir:
Ku yi haƙuri in zuba ruwa a wutar nan. Malam Sanusi, kada ka koya wa yara cewa wannan maganar ce ta kayar da shi, don ba a tabbatar ba. Kafin bidiyon ma Obama ne a gaba a ƙuri'un jin ra'ayi. Bayan bidiyon kuma, a muhawarar farko ta 3 ga Oktoba a Denver, Romney ya yi wa Obama fintinkau har tazarar ta kusa rufewa. Kayar da shugaba mai ci ba wasa ba ne, ga kuma batun ceto kamfanonin mota da ya taimaki Obama a Ohio da Michigan, wanda Romney ya taɓa rubutu yana adawa da shi. Abin da bidiyon ya yi shi ne ya sa hatimi a hoton da 'yan Dimokurat suka yi wata da watanni suna zanawa, na attajirin kamfanin zuba jari na Bain Capital da bai san talaka ba. Da bakinsa ya tabbatar musu.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. A Afrilun 2008 Obama, shi ma a gaban masu ba da kuɗi a San Francisco, ya ce mutanen ƙananan garuruwa da aiki ya ƙare musu suna cike da ɗaci, sai su maƙale wa bindiga ko addini. Hillary Clinton a Satumbar 2016, ita ma a liyafar tara kuɗi a Niyok, ta ce rabin magoya bayan Trump abin ƙyama ne. Duk ukun a gaban masu hannu da shuni bakinsu ya suɓuce.

Hajiya Rabi:
Injiniya, na yarda ba ita kaɗai ta kayar da shi ba, amma ka dubi yadda shi kansa ya yi ta juyi. Daren da bidiyon ya fito ya kira 'yan jarida ya ce bai tsara maganar da kyau ba, amma bai janye ta ba. Ranar 4 ga Oktoba a tashar Fox News ya ce kuskure ne gaba ɗaya. A muhawara ta biyu, 16 ga Oktoba, ya ce ya damu da kashi 100 na Amurkawa, sai Obama da ke da maganar ƙarshe ya ɗauko 47 ɗin ya rufe taro da ita. Bayan ya faɗi kuma, a wayar da ya yi da masu ba shi kuɗi, ya ce Obama ya ci ne saboda kyaututtukan da ya raba wa baƙaƙe da 'yan asalin Latin Amurka da matasa, har gwamnan Luwiziyana Bobby Jindal, ɗan jam'iyyarsu, ya fito ya yi tir. Da masu kuɗi suka sake zama masu sauraro, maganar Mayu ce ta dawo. Shi ya sa ban ɗauke ta suɓutar baki ba.

Auwalu Auta:
Sakamako: a wakilan jihohi masu zaɓen shugaba, Obama 332, Romney 206. A ƙuri'ar jama'a kuma Romney ya tashi da kashi 47.2. Allah mai iko.

Injiniya Bashir:
Mu ma fa mun ga irinta. Afrilun 2018 a Landan, a taron kasuwanci na ƙasashen renon Ingila, marigayi Buhari, Allah ya jiƙansa, ya ce matasa da yawa ba su yi makaranta ba, suna ganin tunda ƙasar na da mai sai su zauna ba sa komai a ba su gida da magani da ilimi kyauta. Kusan jerin Romney ne sak. Shi bai furta kalmar cima-zaune ba, amma ita ta bi maganar. Kuma ya ci zaɓen 2019.

Alhaji Ɗanlami:
To nan kam ban yarda ba. A Amurka aƙalla akwai katin abinci da asibitin da ake magana a kai. Matashinmu me aka taɓa ba shi da za a ce ya dogara? Shi ke haƙa rijiyarsa, shi ke sayen janareta, shi ke biyan 'yan sintirin unguwa.

Hajiya Rabi:
Alhaji, ashe ka san zafin maganar in ta zo gida.

Malam Sanusi:
Jama'a, a bar siyasar gida nan, mun san inda take kai mu a zauren nan. Mu koma Boca Raton. Akwai abin da na ci karo da shi da zan so ku tauna. Mahaifin Romney, George Romney, wanda ya yi gwamnan Michigan, a Meziko aka haife shi a 1907. A 1912 juyin juya halin ƙasar ya koro su, suka tsallako garin El Paso na Amurka a matsayin 'yan gudun hijira, kuma da tallafin da majalisar Amurka ta ware aka ciyar da su a farko. Mahaifiyar Mitt da bakinta ta faɗa a wata hira ta 1962 cewa mijinta ya taso a kan tallafi a shekarunsa na farko. Shi Mitt ɗin ma, yana gwamnan Massachusetts ya sa hannu a dokar inshorar lafiya ta 2006 wadda Obama ya kwaikwaya daga baya. A 2021 kuma yana sanatan Utah ya kawo shawarar a riƙa ba iyaye kuɗi duk wata, dala 350 kan ƙaramin yaro, 250 kan wanda ya kai shekarun makaranta. Na rasa wanne ne Romney na gaskiya.

Zainabu Ƙarama:
Wataƙila duka, Malam. Ya danganta da wanda ya biya kuɗin kujera.

Hajiya Rabi:
Alhaji Ɗanlami, tambaya ɗaya in tafi ɗora girki. Ka taɓa ba mu labari a nan cewa makarantar kwana ta gwamnati ka yi a shekarun 1970. Wa ya biya?

Alhaji Ɗanlami:
Hajiya kin iya tarko. Gwamnati ce. Abinci sau uku, littafi, yunifom, sabulu, har kuɗin mota in an yi hutu. Mahaifina manomi ne, da an ce ya biya da ban wuce firamare ba. Amma wancan jari aka zuba a kaina, kuma na mayar ninkin-ba-ninkin, mutum goma sha huɗu ke ci a ƙarƙashina. Abin da nake ƙi shi ne tallafin da ba ya ƙarewa, uba ya ci, ɗa ya gada. Irin wannan akwai shi a can, kada a ce min babu. Na dai yarda ba su kai rabin ƙasa ba, kuma wanda ke neman shugabanci bai kamata ya ce wani ɓangare na jama'a ba damuwarsa ba ne, ko da ƙuri'a yake nufi.

Baban Fati Bronx:
Akwai su Alhaji, na san mutum biyu a benenmu. Amma ni ma jari aka zuba. Fatin da aka ciyar da katin nan wata takwas yanzu ma'aikaciyar jinya ce, harajin da ake cire mata a wata ya fi abin da katin ya riƙa ba mu duka gidan. Malam Sanusi, in za ka kunna wa yaran bidiyon, ka nuna musu masu hidimar da ke wucewa ta gaban kyamara. Ga fasinja na filin jirgin JFK, sai na dawo.